Ƙwai dubu talatin a cikin kifi ɗaya, to me ya sa raga ke fitowa wayam?

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun jiya. An ba mu aikin karatu kan farin kifin tafkunan ƙasashen sanyi, wanda a kimiyyance ake kira Coregonus, sai na ga wai mace ɗaya tana ɗaukar ƙwai dubu goma, wata dubu hamsin, ƙatuwa ma ta haura dubu ɗari. Kifin da ke zuba ƙwai kamar yashi, ta yaya za a ce ya ragu har hukuma ta hana kamunsa? Ai ko ɗaya cikin ɗari ne ya tsira, tafki ya cika maƙil. Masana a taimaka wa ƙanwarku.

Auwalu:
Wa alaikumussalam. Wane farin kifin tukuna? Na teku da ake daskararwa a kwali? Ni dai a ganina kukan masu bincike ne don kada kuɗin bincike ya yanke.

Malam Sani:
Wa alaikumussalam. Auwalu, ba shi ba ne. 'Yan kasuwar Turai na kiran kifayen teku masu farin tsoka da wannan suna, shi ya sa ake rikicewa. Wanda Ummi ke nufi na ruwan daɗi ne, ɗan uwan kifin salmon, kuma shaidar danginsu wani ɗan fiffike ne mai kitse maras ƙaya tsakanin gadon baya da wutsiya. Jikinsa na ƙyalli kamar azurfa. Na Arewacin Amurka bakinsa ƙarami ne yana kallon ƙasa, don a gindin tafki yake kiwo. Akwai danginsa a Kanada, Amurka, Finlan, tafkunan tsaunukan Alps, har Saberiya.

Ummi 'yata, juya lissafin naki ta ɗaya gefen. Ɗauki mace mai zuba ƙwai 30,000 a shekara, ta yi shekara shida tana zubawa. Ƙwai 180,000 ke nan. In yawan kifin tafkin ba ya hawa ba ya sauka, guda nawa ne suka kai ga haihuwa? Biyu rak, ɗaya ya maye gurbinta, ɗaya ya maye gurbin namijin. Wato ɗaya cikin 90,000. Ke kuma kina maganar ɗaya cikin ɗari. Yawan ƙwan nan gwargwadon mutuwar da ke jiransu ne.

Ummi:
Kai! Malam ban taɓa kallonsa haka ba. To a ina suke ƙarewa?

Dakta Binta:
Bari in shigo nan, don na yi shekara biyu ina wannan aikin a gefen tafkin Huron, tsakanin Amurka da Kanada, lokacin karatuna, kuma har yau yatsuna ba su yafe mini sanyin ba.

Abin yana farawa ne a ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, galibi Nuwamba a manyan tafkunan Amurka da Kanada, idan sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 8. Kifin da ya wuni rani duka a can zurfi sai ya taso zuwa wurare marasa zurfi, yawanci ƙasa da mita 8, inda ƙasan duwatsu ne da tsakuwa. Maza ke fara isowa, su ne kuma na ƙarshen tafiya. A lokacin idan kika shafa gefen namiji za ki ji shi da kaushi, wasu ƙananan ƙuraje farare sun fito masa a jere. Ko a duhu da safar hannu muna gane namiji da wannan.

Da dare suke yi. Mace ta taso sama, namiji ɗaya ko biyu na manne da ita, ta saki ƙwai su saki ruwansu, a wasu lokutan har ki ji fantsamar ruwa a saman tafkin. Ba a tashi ɗaya take juye cikinta ba, kaɗan-kaɗan ne cikin darare da yawa. Babu sheƙa, babu tono, babu gadi. Salmon ko ba komai tana tona rami a tsakuwa ta rufe ƙwanta. Wannan kuwa watsawa take yi ta kama gabanta. Ƙwan da ya yi sa'a ya faɗa tsagin duwatsu, shi ke da rabo. Wanda ya faɗa kan laka ko ya zauna a fili, na masu tsinta ne: ƙaguwar ruwa, wasu kifaye, har da shi kansa farin kifin. Na sha buɗe cikin namiji in tarar da ƙwan danginsa cike da tumbi.

Kuma ƙwan nan, da girmansa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, zai kwanta a wurin wata huɗu zuwa biyar. Sai Afrilu ko Mayu yake ƙyanƙyashewa.

Auwalu:
Wata biyar a ƙarƙashin ƙanƙara? Dakta ai sanyin ne ke kashe su, an gama magana.

Dakta Binta:
Malam Auwalu, ba a nan gizo ke saƙar ba. Sanyin ne ma abin da suke so. Ƙwan na girma lafiya tsakanin rabin digiri da digiri 6. A digiri 10 kusan duka mutuwa suke yi, waɗanda suka fito kuma da nakasa. Ƙanƙarar da ke rufe saman tafki kamar murfi ce gare su. Idan ta rufe da wuri, iska ba ta samun ruwan da za ta kaɗa. Shekarar da ba ta rufe ba, guguwar Disamba da Janairu na tayar da igiyar ruwa, ta tumɓuke ƙwan daga tsagin duwatsu, ta nika wasu, ta kai wasu kan laka inda ba iskar shaƙa. A mashigin Grand Traverse na tafkin Mishigan an gwada hakan a shekarun 1980, aka ga ƙwai sun fi tsira a hunturun da ƙanƙara ta rufe wurin.

Wanda ya tsallake wannan sai ya fito ɗan tsito, milimita 12 ko 13, da ɗan guzurin gwaiduwa a cikinsa. Kafin guzurin ya ƙare dole ya samu ƙananan halittun ruwa da zai haɗiya. In ya fito kafin su yawaita, yunwa ce. Shi ya sa za ki ga shekara ɗaya ta ba da kifi har masunta su yi shekaru suna cin moriyarta, ta gaba da ita kuma kamar an share, alhali iyayen da suka zuba ƙwan kusan ɗaya ne.

Ummi:
Anti Binta Allah ya ƙara basira. Wata tambayar wauta: wa yake zama ya ƙirga ƙwai dubu talatin?

Dakta Binta:
Ɗaliba irinki, wa kuwa? Amma ba duka ake ƙirgawa ba. Misali ki samu mace mai kilo ɗaya da rabi. Ki tsaga cikinta a hankali, ki ciro jakunkunan ƙwan guda biyu, launinsu ruwan lemo, ki ɗora a sikeli. A ce sun yi giram 240. Sai ki yanki kaɗan daga gaba, tsakiya da baya, ki haɗa giram 5, ki baje a faranti, ki bi su ɗaya-ɗaya da ɗan tsinke. A ce kin samu 700. Giram ɗaya 140 ke nan, sau 240 ya ba ki 33,600. Ki raba da nauyin kifin, ki samu 22,400 a kowane kilo. Wannan adadi na biyun shi ake kwatanta tafki da tafki da shi, don na farkon yana bin girman kifi ne kawai. Ki lura kuma, giram 240 cikin 1,500 kashi 16 cikin ɗari ne na jikinta. Ki duba irin abincin da za ta ci kafin ta tara wannan.

Shawara ɗaya: ki rubuta lambar kifi da fensir a takarda ki jefa cikin kwalbar. Ni da alƙalami na rubuta a jikin kwalabe, ruwan adanawa ya zubo ya wanke lambobin kwalba goma sha ɗaya. Ƙwai na nan, amma ban san na wace uwa ba ne. Aikin dare uku a kan ruwa ya tafi a banza, na zauna na sha kukana.

Nasiru:
Dakta sannu. Ni inda nake da ja shi ne maganar girma. Yawancin tsofaffin jadawalin da ake ba ɗalibai, shekarun kifin da ɓamɓaroki aka ƙirga su, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Ummi, ki duba da me aka auna shekaru a takardar da aka ba ki kafin ki yarda da ita.

Malam Sani:
Nasiru, a sassauta harshe. Da ɓamɓarokin nan aka gina ilimin kifi na shekaru da yawa. Kifi na girma da sauri lokacin ɗumi, zoben ɓamɓarokinsa su yi tazara, lokacin sanyi su matse, kowace matsewa shekara ɗaya. Ba ka kashe kifin, ka kankaro kaɗan ka sake shi. Har ma kana iya lissafa tsawonsa a shekarun baya daga tazarar zoben. Mu da shi muka koya, kuma ba mu ɓata ba.

Nasiru:
Ranka ya daɗe, ban raina na gaba ba. Ga kifi mai tasowa ɓamɓaroki na aiki. Matsalar ita ce da zarar ya fara haihuwa, ƙarfinsa ya koma kan ƙwai, tsawonsa ya kusan tsayawa, sai zoben su cunkushe a baki ɗaya ba a iya rabe su. Kifi mai shekara 20 ka karanta masa 10. Kuma kuskuren ba a nan yake tsayawa ba. In ka ɗauka kifinka na girma da sauri yana mutuwa da wuri, sai ka ba masunta izinin kwasa da yawa, alhali tsofaffi ne da aka daɗe ana tarawa.

Dakta Binta:
Malam, a wannan karon ina bayan Nasiru, a yi mini afuwa. Tsakuwar kunne ta fi gaskiya, don ita ba ta daina ƙaruwa ko da jikin ya tsaya. Ana buɗe kan kifin, a ciro wasu fararen tsakuwoyi biyu daga ƙasan ƙwaƙwalwa. A karya ɗaya gida biyu, a riƙe da hantsaki a kara a harshen wutar fitila har ta yi ruwan ƙasa, a ɗiga mata mai, a saka ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ka ga layukan shekaru sun fito baƙi-baƙi. Ranar farko da na yi, kifin da na rubuta wa shekara tara da ɓamɓaroki na ƙirga masa goma sha bakwai. Na ƙirga sau uku ina zaton idona ne. Da wannan hanyar aka gano cewa a tafkunan can arewacin Kanada suna haura shekara 25.

Malam Sani:
To na ji, yaran zamani kun taru a kaina. Amma ku yarda cewa ku sai kun kashe kifi kafin ku san shekarunsa.

Tunda an zo kan girma, Ummi ki sani babu amsa ɗaya. A tafkunan kudu masu abinci, shekara uku zuwa biyar ya isa haihuwa, maza kan riga mata. A can arewa mai nisa sai ya kai takwas ko goma. A tafkin Great Slave na arewacin Kanada, inda aka fara kamun kifi na kasuwanci a 1945, an lura cewa ba kowace shekara balagaggun ke zuba ƙwai ba, wasu sai sun tsallake shekara, don ɗan lokacin ɗumin bai isa su tara abin da ƙwai ke buƙata ba. Mafi girma da aka rubuta an kama shi ne a 1918 kusa da tsibirin Isle Royale a tafkin Superior, kimanin kilo 19. Na yau da kullum kuwa kilo ɗaya zuwa biyu ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasu tafkuna na jihar Maine ta Amurka da lardin Kebek na Kanada, inda iri biyu ke zaune a ruwa ɗaya. Akwai wada, wanda da wuya ya wuce santimita 20, yana kiwo a tsakiyar ruwa, ya balaga a shekara biyu ko uku, ya mutu da wuri. Akwai na asali mai kiwo a ƙasa, ya haura santimita 40, ba ya gaggawar haihuwa. Marigayi Farfesa Louis Bernatchez na jami'ar Laval ya daɗe yana nazarinsu. In ka haɗa su a jadawali ɗaya ka ɗauki matsakaici, ka samu kifin da babu shi a duniya.

Auwalu:
To ni fa har yanzu ban sauka ba. Na taɓa jin cewa kamun ma taimakon kifi yake yi, in an rage su sauran su samu abinci su yi ƙiba. In haka ne hana kamu zalunci ne ga masunta.

Nasiru:
Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. A shekarun 1970 wani masani, Michael Healey, ya gwada a ƙananan tafkuna huɗu kusa da garin Yellowknife a arewacin Kanada. Ɗaya bai taɓa shi ba, sauran ya kwashe kashi 10, 20 da 30 cikin ɗari. Inda aka kwasa, girman sauran ya ƙaru, ƙananan kifaye suka yawaita, har yawan ƙwan mata ya ɗan hau. Shi ya sa ake cewa kifin nan na da juriyar kamu.

Malam Sani:
Amma ka ƙarasa masa, Nasiru. Waɗancan tafkunan cike suke da kifi, abinci ne ya yi musu kaɗan saboda yawansu. Ka rage baki, tuwo ya ishi sauran. To idan tukunyar ce ta fashe fa?

Dubi tafkunan Mishigan da Huron. A 1988 aka fara ganin wata 'yar ƙumba mai zane, zebra, a tafkin St. Clair da ke haɗe da Huron, a 1989 'yar uwarta kwaga ta bayyana a tafkin Eri. Jiragen ruwa ne suka kwaso su daga yankin Baƙin Teku cikin ruwan da suke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi. Aikin ƙumbar tace ruwa, ta tsotse duk ɗan abincin da ke yawo. Cikin shekarun 1990 wani ɗan ƙwaron ƙasan tafki mai kama da jatan lande, Diporeia, mai maiƙo, wanda shi ne babban abincin farin kifi, ya fara ɓacewa. Kifin ya koma cin ƙumbar, rabinta ɓawo. Sai ya rame, girmansa ya ja baya, balagarsa ta yi jinkiri. Daga tsakiyar shekarun 2000 kuma ƙananan da ke shigowa suka yi ta raguwa. Iyaye na nan suna zuba ƙwai duk Nuwamba, 'ya'yan ne ba sa isowa. Tafkin Superior, da ƙumbar ba ta samu gindin zama sosai ba, nasa kifin bai shiga wannan halin ba.

Hajiya Rabi:
Tun ɗazu nake karanta ku, bari in sa baki. Ni ba masaniya ba ce, amma na daɗe zaune kusa da tafkin Konstans, wanda Jamus, Ostiriya da Suwizalan suka kewaye. Nan ma farin kifin ne abin alfaharin masunta, kuma hana kamun da Ummi ke tambaya a kai a gabanmu aka yi shi. Daga 1 ga Janairun 2024 an rufe kamunsa na shekara uku a babban ɓangaren tafkin, bayan abin da aka kama a 2022 bai wuce tan 21 ba, a wurin da a da ake kama ɗaruruwa.

Abin da zai ba ku mamaki, masuntan nan cewa suke ruwan ne ya yi tsabta da yawa. A da ƙazantar gidaje da sabulun wanki na kwarara ciki, sinadarin fosfaras, wanda tamkar taki ne ga tsirran ruwa, ya hau har ya wuce 80 a ma'auninsu wajen 1979. Aka gina matatun ruwa, yanzu yana wajen 6. Su dai sun ce tun da aka tsabtace shi kifi ke yunwa.

Auwalu:
Yauwa! Hajiya kin kawo maganar. To a buɗe famfo a mayar da ƙazantar mana, kowa ya huta.

Dakta Binta:
Auwalu kai da saurin yanke hukunci. Hajiya, gaskiya ne masunta sun nemi a sassauta tacewar, hukumomi suka ƙi, don miliyoyin mutane daga tafkin suke shan ruwa. Kuma zamanin ƙazantar ba alheri ba ne zalla. Kifin ya yi ta girma da sauri, har raga na kama shi kafin ya zuba ƙwai ko sau ɗaya. Sannan ɗaya daga irin da ke can a tsakiyar tafki yake zuba ƙwansa, kusa da saman ruwa, su nitse zuwa ƙasa mai zurfin da ya kai mita 250. Da gansakuka ta yawaita tana mutuwa tana ruɓewa a ƙasan, iskar oksijin ta yi ƙaranci daidai inda ƙwan ke kwance, suka riƙa shaƙewa. Wani iri mai zama a zurfi, da suke kira Kilch, a wannan zamanin ya ɓace gaba ɗaya. Uwa ta ƙoshi, ƙwai na mutuwa. Yanzu ƙasan ta gyaru, uwar ce ke fama. Ƙari a kan haka, tun wajen 2013 wani ɗan kifi mai ƙayoyi uku a baya ya mamaye tsakiyar tafkin, yana cin abincinsu yana cin 'ya'yansu, ita ma ƙumbar kwaga ta iso a 2016.

Hajiya Rabi:
Wannan ɗan mai ƙayar na san shi. Masunta na tsine masa, wai cire shi daga raga ya fi kamun wahala.

Auwalu:
To shi ke nan, a tatse ƙwan a ƙyanƙyashe a ɗaki a zuba 'ya'yan. An kauce wa guguwa, an kauce wa laka. Ko nan ma akwai magana?

Malam Sani:
Akwai kuwa. An riga ka da shekara ɗari da hamsin. Tun shekarun 1870 gwamnatocin Amurka da Kanada suka riƙa tatsar ƙwai suna ƙyanƙyasa a manyan kwalabe masu ruwa na gudana, suka zuba biliyoyin 'ya'ya a manyan tafkunan. Da aka zo aka kwatanta shekarun da aka zuba da yawa da abin da masunta suka kama daga baya, ba a ga alaƙar kirki ba, zuwa tsakiyar ƙarni na 20 aka watsar. Ɗan tsakon da ka saka a ruwan da ba abinci, ɗakin ƙyanƙyasa bai tsare masa komai ba. A Finlan sukan rene su a tafkunan ƙasa har ƙarshen lokacin ɗumi kafin a sake su, wannan ya fi tsira, sai dai ya fi tsada.

Ni abin da ya fi burge ni gyaran wurin zuba ƙwan. Kogin Ditroit na kan iyakar Amurka da Kanada a da babbar matattarar haihuwarsu ce. Tsakanin 1907 da 1912 aka fasa duwatsun ƙasansa don haƙa wa jirage hanyar Livingstone, kifin ya daina zuwa. Sai a 2005 masu bincike suka sake samun ƙwansa a kogin, bayan ruwan ya gyaru, kuma an yi ta jibge duwatsu a wasu wurare don ƙwai su samu tsagin faɗawa. Akasin haka ya faru a tafkin Southern Indian na lardin Manitoba a Kanada, inda aka ɗaga ruwa saboda wutar lantarki a 1976, gaɓa ta riƙa zaizayewa, laka ta rufe ƙwan.

Nasiru:
Malam ka manta madatsun da ke janye ruwa a tsakiyar hunturu. Ƙwai na mita biyu ko uku, a sauke ruwa, su daskare a fili.

Ummi:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na koma na duba takardar tawa. Da ɓamɓaroki aka ƙirga shekarun, kuma mafi tsufa a jadawalin shekara 11 aka ba shi. Mata 23 kawai aka ƙirga wa ƙwai. In rubuta haka a matsayin rauni, ko malaminmu zai ga na yi rashin kunya?

Nasiru:
Rubuta. Ki ce mai shekara 11 ɗin a sake duba shi.

Malam Sani:
Ki rubuta da ladabi, ki ce abin da aka iya a lokacin ke nan.

Dakta Binta:
Ki duba mini abu ɗaya kafin ki miƙa: matan nan 23 a wane wata aka kama su? In a kan wurin zuba ƙwai aka kama su tsakiyar Nuwamba, wasu sun riga sun zubar da rabi, adadin zai fito ƙasa da gaskiya. Turo mini hoton jadawalin ta akwatin saƙo in gani.

Auwalu:
Ni dai a rubuta cewa ban yarda da maganar fosfaras ɗin nan ba tukuna. Hajiya, in an buɗe kamun ki dawo ki faɗa mana tan nawa aka samu.